Daga rigimar Minecraft zuwa layin MTN

Jama'a, duk mai ɗa ko ƙani a Narayi da ke buga PUBG ko Call of Duty a waya ya san kalmar nan "lag". Ka danna harbi, bindiga ba ta tashi ba sai bayan an kashe ka. Yawanci ba wani ne ya kawo hari ba, nisa ne kawai. Sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, galibi ba a ƙasar nan take ba. Saƙonka sai ya bar Kaduna ya je Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku, sannan amsa ta dawo. Kun tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace lokaci guda? Ranar har tiransifa da POS sai da suka ji a jikinsu.

To amma akwai lag na mugunta, wanda ake kira DDoS. Ka ɗauka wani ya yi hayar Keke Napep dubu goma, babu fasinja ko ɗaya, ya cika gadar kogin Kaduna da su ranar Litinin da safe. Bai saci komai ba, bai fasa gadar ba, amma ba mai tsallakawa zuwa aiki. Haka ake yi wa sabar: a tura mata buƙatun bogi har ta kasa sauraron masu gaskiya.

A duniyar wasanni wannan sana'a ta yi ƙiba. Ranar Kirsimetin 2014 wasu matasa masu kiran kansu Lizard Squad suka durƙusar da sabar PlayStation da ta Xbox, daidai lokacin da yara ke buɗe sababbin na'urorinsu. Wannan tsokana ce. Na kuɗi ya zo a 2016. A wasan Minecraft mutum kan buɗe sabar tasa, 'yan wasa su biya shi, don haka in ta abokin hamayya ta riƙa lag, kwastomominsa sai su dawo wurinka. Cikin wannan kishin kasuwa wasu samari uku a Amurka, Paras Jha da Josiah White da Dalton Norman, suka rubuta manhajar Mirai. Dabararta ba ta da wani zurfi fa. Tana yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar kyamarorin tsaro da na'urorin wayfay, tana gwada kalmomin sirri kimanin 60 irin waɗanda kamfani ke sawa, su "admin" da "12345". Da haka ta tara dakaru wajen 600,000, masu kayan ba su ma sani ba.

Da suka ga hukuma ta fara shinshinawa, a ƙarshen Satumba suka saki manhajar kowa ya ɗauka. A 21 ga Oktoba wasu suka bugi kamfanin Dyn da ita, Twitter da Netflix suka ɗauke a sassan Amurka.

Daga nan ta iso yankinmu, kuma wannan ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Wani babban jami'in kamfanin waya na Cellcom a Laberiya ya ɗauki hayar Baturen Ingila, Daniel Kaye, don ya lalata sabis ɗin kishiyarsu, Lonestar Cell MTN. Rigimar Minecraft ce sak, sai dai a nan kwastomomin al'ummar ƙasa ne. A Nuwamba 2016 harin ya yi ƙarfin da intanet ya riƙa ɗaukewa a faɗin ƙasar. A Janairu 2019 kotu a Landan ta ɗaure Kaye shekara biyu da wata takwas. Su kuwa samarin Mirai ko kwana ɗaya ba a yanke musu a kurkuku ba: sa ido na shekara biyar da aikin al'umma, saboda sun taimaki FBI. Ni dai wannan hukunci bai kwanta mini ba.

Mu ma ta taɓa mu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, ƙungiyar Anonymous Sudan ta yi iƙirarin kai wa MTN Najeriya hari a farkon Agusta, har NITDA ta fitar da gargaɗi. Da Amurka ta gurfanar da wasu 'yan Sudan biyu, wa da ƙani, a Oktoba 2024, ta ce kayan aikinsu sun kai hare-hare sama da 35,000. A jerin waɗanda aka buga akwai kamfanin wasanni Riot Games, akwai kuma asibitin Cedars-Sinai na Los Angeles, inda aka yi awa kusan takwas ana karkatar da marasa lafiyan gaggawa zuwa wasu asibitoci.

Jikokin Mirai suna nan suna yawo har yau. Kyamarori masu araha kuwa sun cika shaguna da gidaje daga Narayi High Cost zuwa Barnawa saboda matsalar tsaro, ofisoshinmu ma haka, kuma sau da yawa mai haɗawa yana ɗaure waya ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kalmar sirrin na nan yadda ta fito daga kwali.