Fargabar Shimfiɗa ga Maza: Nazari kan Musabbabinta da Hanyar Magance Ta

A shekarar 1970 William Masters da Virginia Johnson, masu bincike a birnin St. Louis na Amurka, suka fitar da sakamakon aikinsu kan matsalolin saduwa tsakanin ma'aurata. Da yawa cikin mazan da suka kawo musu kukan raunin mazakuta, jikinsu lafiya ƙalau yake. Mutum yana kwance da iyalinsa, amma hankalinsa ya koma gefe yana sa wa kansa ido: "Yau zai tashi kuwa? Zan daɗe?"

Miƙewar gaba aikin natsuwa ne. Sai jiki ya saki, hanyoyin jini su buɗe, jini ya cika gaban. Da tsoro ya shigo, jiki kan kwararo sinadarin adirinalin, hanyoyin su tsuke. Gazawar daren yau ta haifi fargabar gobe, ta gobe kuma ta fi ta yau.

Wani mai bincike, David Barlow, ya ƙara haske a kan batun a shekarun 1980. A gwajinsa an tsorata maza da barazanar jan lantarki suna kallon abin da ke motsa sha'awa. Masu lafiya sha'awarsu ba ta ragu ba, wasu ma ta ƙaru. Masu matsalar kuwa sai abin ya kwanta. Barlow ya fahimci cewa inda hankali ya karkata shi ne ke yanke hukunci: wanda ya bi daɗin da yake ji ya tsira, wanda ya tsaya auna kansa ya faɗi.

A ƙasar Hausa abin yana da tasa kama. Ango ne a daren farko, abokai sun cika masa kunne da labaran bajinta da rabinsu ƙarya ne. Ko mai mata biyu da ke tsoron zancen ya kai ɗakin kishiya. In ya gaza sau ɗaya, sai a ce basir ne, ko sanyi, ko an ɗaure shi. Daga nan sai tasha, inda mai magani ke shela da lasifika. Hukumar FDA ta Amurka ta sha gano sinadarin sildenafil, wato abin da ke cikin Viagra, a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake tallata su da sunan na ganye. Ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya, haɗuwar biyun na iya faɗar da jini har ta kai ga halaka.

Likita kan fara da tambaya guda: gaba na miƙewa da asuba? In yana yi, akasari damuwa ce. In ba ya yi, sai a duba ciwon suga, hawan jini da shan taba.

Maganin da Masters da Johnson suka tsara ya saɓa wa tunanin mai tallan tasha. Ana hana ma'aurata saduwa na wasu kwanaki, a umarce su da shafa da wasa kawai, ba wanda ke jiran sakamako. Da jarabawa ta gushe, jiki kan amsa da kansa, sannan a ci gaba mataki-mataki. Likita na iya haɗawa da sildenafil, wanda aka amince da shi a 1998, na ɗan lokaci don mutum ya dawo da yarda da kansa.

Sharaɗin tsarin shi ne matar ta shiga ciki, ta san abin da ake yi. Nan ne ake samun cikas a wurinmu, domin magidanci kan gwammace ya sha kwalba goma a ɓoye da ya ce wa matarsa, "Hajiya, shirya ki raka ni asibiti."