Ma'aunin kuskure a hasashen ruwan sama

Ma'aunin kuskure lissafi ne da ake horar da manhajar ƙirƙirarriyar basira da shi. Yana auna tazarar da ke tsakanin ruwan da manhajar ta yi hasashe da wanda ya sauka a zahiri, ita kuma ta riƙa gyara kanta har tazarar ta ragu.

Wahalar tsara shi ta fi fitowa fili a hamada. A Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya, kusa da tashar binciken yanayi ta Assekrem a duwatsun Hoggar, matsakaicin ruwan shekara kusan milimita 50 ne, kuma yakan sauka kwatsam ya cika busassun rafuka. Idan matsakaicin kuskure kaɗai aka duba, manhajar da kullum ke cewa ba ruwa za ta ci maki mai yawa, amma ba za ta hango ambaliya ba.

Shi ya sa ake ƙara wa ruwa mai ƙarfi nauyi a lissafin, kamar yadda kamfanin DeepMind da hukumar yanayi ta Birtaniya suka yi a tsarin DGMR a 2021. Shi kuwa tsarin AIFS ENS na cibiyar hasashen yanayi ta Turai (ECMWF), wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2025, an horar da shi ne da ma'aunin CRPS mai auna ingancin hasashen yiwuwar saukar ruwa da sauran yanayi.