Editan Kwamfuta: Yadda Mai Aiki Ya Samu Ikon Gyara Kayan Aikinsa

Akwai zazzaɓin da ke kama duk wanda ya fara koyon gina manhajar kwamfuta. Zai buɗe manhajar da ake rubuta umarni a cikinta, wadda muke kira edita, ya gano cewa yana iya sauya mata launi, ya sauya aikin kowane maɓalli, har ya koya mata fitar da ƙ da ɗ da ɓ. Sai ya kwana yana gyare-gyare, bai taɓa aikin da ya zaunar da shi ba. Mu da muka daɗe a sana'ar mukan yi masa dariya. Amma wannan dama da yake wasa da ita, sai da aka yi rigima kafin ta tabbata.

A 1962, wani ɗalibin jami'ar MIT da ke Amurka, Dan Murphy, ya ƙirƙiro TECO domin gyara umarnin da ake hudawa a jikin zaren takarda. TECO tana da wuyar sha'ani, don haka kowa ya riƙa ɗaure umarnin da ya saba maimaitawa a dunƙule guda. A 1976 Guy Steele da Richard Stallman suka tattara waɗannan dunƙule-dunƙule, aka samu EMACS. Sharaɗin Stallman ɗaya ne: wanda ya inganta ta, ya dawo da gyaransa kowa ya amfana.

A wannan shekara kuma, a jami'ar Berkeley, Bill Joy ya fara aikin da ya zama vi. Layin da ke haɗa shi da kwamfuta tafiyar hawainiya yake yi, shi ya sa ya taƙaita umarni zuwa harafi ɗaya ko biyu. Allon madanninsa, ADM-3A, yana da kibiyoyi a kan h, j, k da l, kuma har yau da su masu vi ke zirga-zirga cikin rubutu.

Rigimar ta taso ne bayan James Gosling ya rubuta tasa Emacs ɗin a 1981, ya kuma sayar wa kamfanin UniPress. Stallman ya ɗauki wani ɓangare nata ya sa a GNU Emacs, wadda ta fito a 1985. Kamfanin ya ce bai yarda ba, dole ya cire ya sake rubutawa. Darasin da ya ɗauka ya shiga lasisin GPL na 1989: kowa na da izinin karantawa da gyarawa da rabawa, muddin bai hana na bayansa ba.

Amfanin irin wannan 'yanci ya fito fili daga baya. Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ya fitar da Vim a 1991, daga baya ya riƙa roƙon masu amfani da ita su tallafa wa yara mabuƙata a Yuganda. Ya rasu a 2023, 'yan sa-kai suka ci gaba da ita. GitHub ya fitar da Atom a 2014, Microsoft ya fitar da VS Code a 2015, sannan ya saye GitHub a 2018. A Disambar 2022 aka dakatar da Atom. Da yake tushenta a buɗe yake, masoyanta suka ɗauka suka raine ta da sunan Pulsar.

Saboda haka idan ƙaninmu ya zo yana zumuɗin nuna mana editan da ya yi wa ado, kada mu kashe masa gwiwa. Fayil ɗin saiti shi ne wurin da da yawanmu muka fara ba kwamfuta umarni ta bi. Mu dai sa shi ya duba abu guda kafin ya zuba shekarunsa a kai: idan masu ita suka rufe shago gobe, yana da izinin ɗaukar ta ya ci gaba?