Daga Taure Zuwa Ɗakin Bincike: Tarihin Makunnin Sankarar Furostet



Mu da muka tashi a Kongolam, kusa da kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, mun san idan aka dandaƙe bunsuru ya koma taure: warinsa ya ragu, rigimarsa ta kwanta. Daga irin wannan lura aka faro maganin cutar da ke kashe iyayenmu maza.

Furostet wata 'yar tsoka ce kamar goro a ƙasan mafitsarar namiji. A 1786 likitan Birtaniya John Hunter ya rubuta cewa tana motsewa a jikin dabbar da aka dandaƙe. A 1941 Charles Huggins na Jami'ar Shikago, bayan gwaji kan karnuka, ya nuna cewa idan aka yanke wa mai sankarar furostet sinadarin maza, wato testostiron, cutar takan lafa. Ya sami kyautar Nobel a 1966.

To me ya haɗa sinadarin da sankara? A 1961 Faransawa biyu, Jacob da Monod, suka nuna cewa ƙwayoyin gado suna da makunni, ana kunna su ana kashewa. A 1988 aka gano ƙwayar gadon da ke samar da makarɓin sinadarin maza. Da zarar testostiron ya liƙe wa makarɓin nan, sai ya nufi kundin gado ya kunna masu ba da umarnin hayayyafa. A 2005 masana a Jami'ar Mishigan suka gano cewa a jikin marasa lafiya da yawa wata ƙwayar gado, ERG, ta manne da makunnin wata, TMPRSS2, sai testostiron ya riƙa kunna abin da ya kamata ya zauna a kashe. Wannan mannewar ta fi yawa a jikin Turawa, alhali cutar ta fi tsananta wa baƙar fata. Ke nan namu labarin da saura.

Makiyayi ya gani, Hunter kuwa ya rubuta. A gidajenmu dattijo kan yi ta fama da fitsari cikin dare, kunya ta hana shi faɗa, sai abu ya kai ƙashi a nufi asibiti a Daura ko Katsina. Ba kowace wahalar fitsari ce sankara ba, kuma gwajin jini na PSA na taimaka wa likita ya bambance. Mu sa wannan dattijo a labaranmu, mu ba shi kalmomin da zai iya furtawa gaban ɗansa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.