Yadda Alkawarin Jeniba Ya Iso Kafanchan

Tun kafin a ji kukan jirgin ƙasa a ƙasar Jama'a, tufafi na cikin manyan abubuwan da suka haɗa mutanen Kudancin Zazzau da kasuwannin Hausa, domin fatake sukan taso daga Kano da Zariya da jakunansu, ɗauke da saƙi da gwado da baƙaƙen zannuwan da aka rina a karofi aka buge a mabuga, su yada zango a Kauru ko Zangon Katab ko Kachiya, su yi ciniki da Atyap da Bajju da Ham da Agworok, kana su zarce Keffi da Lafiya. A wancan zamani tsadar zane ba ta da wani sababi illa nisan tafiya da hatsarin hanya da kuɗin fito, kuma babu wani mahaluki a wata ƙasa mai nisa da zai ɗauki alƙalami ya yanka wa kasuwa haddin yadin da zai shigo ta.

Da Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgi a 1927, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya Jos, ɗaya ta gangara Inugu da Fatakwal, har Sarkin Jama'a ya ƙauro da fadarsa nan a 1933, sai dilolin akoko da alawayyo na masaƙun Ingila suka riƙa sauka a tasha. Ba a jima ba yadin Japan ya biyo baya, mai araha wanda talaka ke iya saye da kuɗin cittar da ya noma, sai ga shi a 1934 hukumar Ingila ta ƙayyade yawan yadin Japan da zai shigo Nijeriya, don maslahar masaƙan Lankashiya. Manomin da ke neman abin rufe jikinsa bayan ya biya haraji shi ya ɗauki nauyin wannan hukunci, alhali ba a shawarce shi ba, bai ma san an yi ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan dabara ta sake fitowa da sabuwar riga. A 1959 masu masaƙun Hongkong suka amince su taƙaita abin da suke aikawa Ingila, kuma a 1961, bisa matsawar Amurka a zamanin Shugaba Kennedy, aka ƙulla alkawari na shekara ɗaya a birnin Jeniba, wanda aka maye gurbinsa a watan Oktoba na 1962 da wani na shekara biyar, mai ba ƙasashe masu arziki ikon tsayar da haddi ga yadin audugar da ƙasashe masu tasowa ke sayar musu, da sharaɗin a riƙa ƙara haddin da kashi 5 cikin ɗari kowace shekara. Hujjar da aka kawo ita ce larura, wai masaƙun Turai da Amurka suna bukatar ɗan jinkiri su gyara al'amuransu. Malaman fiƙihu sun karantar da mu cewa rangwamen da aka yi saboda larura yana faɗuwa da zarar larurar ta gushe, amma wannan rangwame da wa'adinsa ya cika a 1967 sai aka ƙara masa shekara uku, a 1970 aka ƙara wasu uku, a 1974 aka faɗaɗa shi ya haɗa da ulu da zaren roba, aka dinga jaddada shi har abin da aka ce na shekara ɗaya ne ya shekara fiye da arba'in.

To, a nan ne hikimar Ubangiji ta bayyana, domin katangar da aka gina don wasu ita ce inuwarta ta faɗo gidanmu. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya riga ya kafa masaƙar Kaduna a 1957 tare da kamfanin David Whitehead na Lankashiya, tana saƙa akoko da audugar Funtuwa da Zariya. Attajiran Asiya kuwa, da suka ga an ƙuntata musu ƙofar Turai, ga Nijeriya ta ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan yadin waje, sai suka ga ya fi musu su kawo injinansu nan. Ta haka Cha Chi-ming na Hongkong ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, mutanen Japan kuma suka shiga masaƙar Arewa, har unguwar Kakuri ta Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta Arewa duka.

Da yawa daga cikin hannuwan da suka juya waɗannan injina sun fito ne daga Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Manchok, samari da suka gama firamare a makarantun mishan, suka hau jirgi a Kafanchan da akwatin ƙarfe da wasiƙar wani yaya ko kawu da ya riga su samun aiki. Su suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa, kuma idan jiniyar canjin aiki ta yi kuka sai ka ga kekuna sun toshe titi, burbushin auduga fari fat a kawunan masu fitowa. Da albashin masaƙa aka biya wa ƙanne kuɗin makaranta, aka rufa ɗakunan iyaye da kwano, aka biya sadaki. Ranar da ma'aikaci ya sauka daga jirgi gab da Kirsimeti ya miƙa wa mahaifiyarsa turmin atamfa, ya ce, "Mama, ga aikin hannunmu," lalle ranar tsohuwa takan fita majami'a da ƙafar alfahari.

Daga baya masaƙun suka durƙushe, kuma mutane da dama suna ɗora mutuwarsu a kan ƙarewar alkawarin nan ranar 1 ga Janairu 2005, bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma a ganina wannan uzuri ne da bai wanke mu ba, domin haddin Jeniba bai taɓa hana ko yadi ɗaya shigowa Nijeriya ba, kuma masaƙar Sardauna ta tsaya cik tun 2002, kafin wa'adin ya cika. Abin da ya ci ƙarfinta a gida yake: karyewar darajar naira tun 1986 wadda ta sa kayan gyara da rini suka yi tsada, da wutar lantarki marar tabbas, da ƙarancin baƙin mai, da noman auduga da aka bari ya lalace, da janye haramcin shigo da yadi a 1997, da fasa-ƙwaurin da ke bi ta Kwatano da Maraɗi ya cika Kantin Kwari. An ba duniya sanarwar shekara goma tun 1995 cewa haddin zai faɗi, ƙasashe irin su Bangaladash suka shirya, mu kuwa hukumominmu suka yi sakaci da amanar da aka bar musu.

UNTL ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi, jirgin da ya kai su Kaduna ma a lokacin ya daina zirga-zirga yadda aka saba, sai suka koma garuruwansu a motocin haya, wasu suka kama noman citta, wasu suka hau babur suna acaba. Ma'aikatan masaƙar Sardauna kuwa, wadda jihohin Arewa 19 suka gada, sun shekara fiye da goma suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya ba a biya su ba, matansu da marayunsu suka ci gaba da kai kuka.