Tarihi Da Labarin Ƙasa: Wa Ya Raba Hanta Da Jini?

    Da editan wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta wani abu, sai na ga gara in ɗauko wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

'Yan ajinmu za su tuna safiyar nan ta shekarar 2005, muna sababbin shiga aji ɗaya na babbar sakandare. Mataimakin shugaban makaranta ya shigo da takardu, ya ce kowa ya zaɓi darussan da zai zauna wa jarrabawa. Ya ƙara da cewa tarihi da labarin ƙasa lokacinsu ɗaya a jadawali, saboda haka wanda ya ɗauki ɗaya sai ya haƙura da ɗayan. Ni dai raina na wajen tarihi, domin na tashi ina jin labaran zuwan Turawa da na shekarun yunwa a bakin kakata. Amma da kawuna ya zo ranar ziyara na gaya masa, sai ya ce, "Kai yaro, tarihi ai tatsuniya ce. Wa ka taɓa gani ya ci abinci da ita? Ɗauki labarin ƙasa ka zama safiyo." Ba a musu da babba. Na ɗauki labarin ƙasa.

Mu masu labarin ƙasa mun yi yawa, don haka mu aka bar wa aji. Masu tarihi ba su cika yatsun hannu biyu ba, a gindin darbejiyar nan ta bayan ɗakin karatu suke zama da malaminsu. Wata rana ya tare ni a hanya ya tambayi dalilin da ya sa bai ga sunana ba. Na yi ta 'yan kame-kame. Ya yi murmushi ya ce, "Ba kome. Je ka koyi inda abin ya faru, wata rana za ka dawo kana tambayar abin da ya faru."

Ban yi asara ba, alhamdu lillahi. Labarin ƙasa na karanta a jami'a, kuma da shi nake aikin filaye a yau. To, amma wa ya shirya wannan zaɓi tun farko? Yaushe aka raba darussan nan biyu har ya zama dole yaro ɗan shekara goma sha biyar ya saki ɗaya? Wannan shi ne abin da na bi diddigi.

Malamanmu na dauri ba su san wannan rabo ba. A shekarar 1812 Muhammadu Bello ya rubuta littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda shi ne ɗaya daga cikin manyan madogaran tarihin jihadi. Duk wanda ya duba shi zai ga bai fara da yaƙe-yaƙe ba, sai da ya gabatar da bayanin ƙasashe da mutanen da ke cikinsu, irin su Barno da Ahir da ƙasar Hausa da Sangai. Haka kuma da Baturen nan Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, ya koma Ingila da taswirar ƙasashen nan da ya samu a fadar Sarkin Musulmi Bello, aka buga ta cikin littafin tafiyarsu a 1826. Ke nan a wurin magabata, sanin ƙasa shi ne ƙofar sanin tarihinta.

Da boko ya zo, Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kafa Kwalejin Katsina a 1921. Darussan biyu suka shiga jadawali kowanne da sunansa, amma yaro yakan yi su duka. Aibin wancan zamani shi ne yawancin tarihin da ake koyarwa a manyan azuzuwa na Ingila ne da daularta. Duk da haka an yi ƙoƙari, domin Hukumar Fassara ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, inda yara suka karanta labarin sarakunan Kano da Hausa.

Gabanin samun mulkin kai sai tarihi ya zama makami. A 1955 aka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya ƙarƙashin jagorancin Kenneth Dike, don a nuna wa duniya cewa baƙar fata na da tarihinsa tun kafin Bature ya zo. A Arewa, Abdullahi Smith ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, sa'an nan ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Daga wannan makaranta aka sami irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda littafinsa kan tarihin Katsina ya fito a 1981. A wancan lokaci malamin tarihi mutum ne da ake ji da shi a kowace sakandare.

To, ina gizo ke saƙar? A 1969 aka yi babban taron tsara manhaja a Ikko, ana tsakiyar yaƙin basasa. Tunanin da ya yi rinjaye shi ne a ba yara ilmin da zai haɗa kan ƙasa, ya kuma koya musu sana'a. Daga nan aka sami Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982. A wannan tsari, a firamare da ƙaramar sakandare aka narkar da tarihi da labarin ƙasa cikin darasi guda, wato ilmin zamantakewa, wanda mu muka sani da soshiyal. A babbar sakandare kuma aka jera tarihi da labarin ƙasa da adabin Turanci a rukuni ɗaya, aka ce yaro ya ɗauki ɗaya daga ciki. Takardar da aka miƙo mana a 2005 jikanyar wannan shawara ce.

Sau da yawa nakan ji ana cewa a 2009 aka cire tarihi daga makarantu. Gaskiya ne sabuwar manhajar shekara tara da aka amince da ita a 2007, aka fara aiki da ita bayan haka, ba ta ba tarihi gurbi ba. Amma mu shaida ne cewa tun kafin nan ya riga ya yi ƙaura daga ƙananan azuzuwa. Mun shekara tara a makaranta ba mu taɓa riƙe littafin da aka rubuta wa "Tarihi" a bango ba, sa'an nan aka ce mu zaɓa. Ta yaya mutum zai zaɓi miyar da bai taɓa ɗanɗanawa ba? Ga kuma darasin gwamnati a gefe, wanda yara ke ganin ya fi sauƙin ci, jami'o'i kuma suna karɓar sa a madadin tarihi a fannoni da dama. Da ɗalibai suka ragu, masu karanta tarihi a kwalejojin horon malamai suka ragu, malamai suka yi ƙaranci, makarantu suka sami hujjar rufe darasin baki ɗaya.

Masana tarihi ba su yi shiru ba. Bayan doguwar gwagwarmaya, a 2018 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ƙaddamar da manhajar tarihi ta firamare da ƙaramar sakandare. A watan Nuwamba na 2022 aka yi bikin maido da darasin, tare da shirin horar da malamai 3,700. A 2025 kuma gwamnati ta sake shelar cewa tarihin Nijeriya wajibi ne tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Madalla. Amma shela daban, malami a gaban allo daban.

Bari in ba da misalin da ya sa na tuna maganar malaminmu. Wata shekara aiki ya kai ni wajen Jibiya, na tsaya ina duban taswirar iyakarmu da Nijar. Babu dutse, babu kogi da iyakar ta bi. Hausa ake yi nan, Hausa ake yi can. Duk abin da na koya na labarin ƙasa bai gaya mini dalilin da ya sa layin ya bi ta nan ba. Sai da na koma ga littattafan tarihi.

Ashe a 1890 Ingila da Faransa suka fara ja layi a takarda, daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi. A 1898 suka sake zama, aka zana wa Ingila baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Da Faransawa suka zo bin rabonsu, sai suka tarar hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta cikin ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi, ayari ba ya iya bin ta cikin sauƙi. Suka koma teburin shawara. A yarjejeniyar 1904 da ta 1906 aka turo iyakar kudu don su sami hanya mai ruwa, aka kuma kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ke nan rijiya ce ta yanke wa dubban Hausawa hukuncin ko jikokinsu za su yi boko da Turanci ko da Faransanci.

Su kuma mutanen Maraɗi me ya kai su can? Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga bisani ya kafu a Maraɗi. Shi ya sa har yau sarautar garin sunan Katsina take ɗauke da shi. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri kusa da su. Abin da ya zaunar da su a wurin shi ne Gulbin Maraɗi, mai fadama da kurmin da mahaya ba sa ratsawa cikin sauƙi. Wannan gulbi daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya sake dawowa Nijeriya ya haɗu da Rima. Shi ne kuma ya yi ambaliya a 1945 ya ci tsohon garin, aka koma kan tudu. To, a cikin wannan labari, ina tarihi ya tsaya, ina labarin ƙasa ya fara?

Ko a ofis abin da nake gani ke nan kullum. Za a kawo rikicin gona, in fito da hoton tauraron ɗan Adam da na'urar awo, in faɗi faɗin gonar ba kuskure. Amma na'ura ba ta san wanda ya sare dajin ba, ba ta san ko gonar gado ce, ko aro, ko jingina ba. Sai an nemo dagaci da dattawa. Haka batun burtali da makiyaya. Wanda bai san dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ba, bai san Dokar Filaye ta 1978 ba, bai kuma san yadda farin 1972 zuwa 1974 ya turo makiyaya kudu ba, zai ɗauka rikicin jiya ya fara. Wanda ya ɗauka haka kuwa, maganin da zai kawo ba zai wuce na jiya ba.

Ba ina cewa kawuna ya yi kuskure ba ne. Ya duba abin da zai fisshe ni, Allah Ya saka masa da alheri. Kuskuren na tsarin da ya sa yaro zaɓe tsakanin idonsa na dama da na hagu ne.

Abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne, da muka kai ziyara makaranta bara, na tambayi ɗan yayana da ke aji biyar ko su nawa ke yin tarihi. Ya ce ai tun da malamin ya yi ritaya ba a kawo wani ba. Darbejiyar tana nan, amma babu kowa a gindinta.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu su sa wannan batu cikin ajandar taron shekara. Na farko, mu nemi ma'aikatar ilmi ta turo malamin tarihi, kafin nan kuma mu ɗauki nauyin alawus na wani daga cikinmu da ya karanci fannin. Na biyu, mu roƙi hukumar makaranta ta raba lokacin darussan biyu a jadawali, don mai son duka ya samu. Na uku, mu sayi littattafai da taswirori, mu kuma riƙa kai yara Gidan Makama a Kano, ko Gobarau a Katsina, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko da sau ɗaya a shekara. Mun gyara rijiyar burtsatse, mun yi wa ɗakunan kwana rufi. Wannan ma bai fi ƙarfinmu ba, hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

A ƙarshe, ga malaminmu na tarihi, in wannan mujalla ta iso hannunka: Malam, maganarka ta tabbata, na dawo ina tambaya.