Tarihin Sharaɗin Dasa Itace a Takardar Izinin Gini

Jama'ar unguwa, duk wanda ya sayi fili a gangaren tudu, abu na farko da yake yi shi ne ya kira masu gatari su share shi tas, sannan a kawo yashi da bulo. In ka ce masa hukuma tana da ikon hana shi sare itace, ko ta sa shi ya dasa wani a madadinsa, sai ya ce sabon salo ne na karɓar kuɗi. To, maganar ta girmi yawancinmu.

Lafiya garin Barebari ce, wadda Muhammadu Dunama ya kafa sama da shekara ɗari biyu da suka wuce. Kakanninmu fatake sun zo sun tarar da daji mai yawan kaɗanya da ɗorawa da kirya. A al'adar da suka zo da ita daga ƙasar Hausa, manomi yana share gona ya bar ɗorawa da kaɗanya a tsaye, domin daddawa da man kaɗe abinci ne, kuma kuɗi ne. Ba a buƙatar takarda, kunya da tsoron mai unguwa sun isa.

Da Turawa suka zo sai suka mayar da abin rubutacce. Dokar gandun daji ta 1937 ta ba En'e ikon keɓe daji da kare wasu itatuwa, malaman daji kuma suna kama wanda ya sare ba da izini ba. A zamanin nan ne aka shigo da darbejiya, wadda asalinta daga Indiya take, aka fara dasa ta a Borno a 1928, har ta zama inuwar kasuwanninmu da makarantun allo.

Bayan mulkin kai, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna bisa amana. Sai kuma 1992, gwamnatin Janar Babangida ta kafa doka mai lamba 88 kan tsara birane. A cikinta ne aka rubuta ƙarara cewa hukumar da ke ba da izinin gini, inda ya dace, ta haɗa izinin da sharaɗin barin itatuwan da ke filin ko dasa sababbi. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane aikin jihohi ne. Ma'ana, nauyin ya dawo kan hukumominmu na gida.

Mu a nan, abin ya sauya ne daga ranar 1 ga Oktoba 1996, da aka ƙirƙiri jihar Nasarawa aka mai da Lafiya babban birni. Ma'aikata suka taso daga Jos, kuɗin fili ya yi sama, gonaki suka koma fulotai a hanyar Shandam da hanyar Makurɗi da Bukan Sidi da Shabu. Da aka buɗe Jami'ar Tarayya a 2011 gini ya ƙara bazuwa. Yau izinin gini yana hannun hukumar raya birane ta jiha, NUDB, takardun fili kuma a hannun NAGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Umaru Tanko Almakura.

Me ya sa sharaɗin itace ya fi muhimmanci a gangare? Ƙasarmu mai rairayi ce, ba ta da riƙo, damina kuma tana kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba. Ganyen itace yana karya ƙarfin ruwa kafin ya sauka, saiwa tana ɗaure ƙasa, ruwan ya samu lokacin shiga ciki. In aka sare itacen, aka kafa kwano, aka shafe tsakar gida da siminti, duk ruwan sai ya taru ya gangara lokaci guda. Shekarar farko ɗan rami ne a bakin hanya, shekara ta biyar kwazazzabo ne da ke cin tushen katanga. Mai gidan sama ya yi saran, mai gidan ƙasa ne zai kwana da fargaba, sauran yashin kuma ya tafi ya cike rafin Amba. Maƙwabtanmu Eggon sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka riƙa jera duwatsu hawa-hawa a gonakinsu na kan dutse.

Ɗan kasuwa ya san lissafi. Kuɗin dashen mangwaro ko kashu guda biyar bai kai na buhun siminti biyu ba, amma gyaran katangar da ruwa ya kwashe yana cin jarin shekara. A addini kuma, hana cutar da maƙwabci wajibi ne, dashen da mutum ko tsuntsu ya ci daga gare shi sadaka ne.

Saboda haka, mai shirin gini ya karɓi izini kafin ya haƙa tushe, ya karanta sharuɗɗan da ke jiki. Ya bar babban itacen da bai tare ɗaki ba, wanda ya zama dole a sare kuma ya maye gurbinsa a farkon damina, nesa kaɗan da tushen gini, ya kewaye shi saboda awaki. Masu unguwanni da dillalan fili su riƙa faɗa wa mai saye wannan tun ranar ciniki. Allah Ya ba mu ikon kiyayewa.